Kashin Maƙera a Bayan Hatta

Shafi na 27

Masu turo min saƙo cewa za ku biyo ni har unguwarmu Abu Hail a nan Dubai ku ƙwace wayar ku ƙarasa labarin da kanku, na ji, kuma na tsorata. Ga shi nan. Wadda ke da tukunya a wuta ta je ta sauke tukunna, don ni ba zan ɗauki alhakin miyar kowa ba.

*

Tun da ayarin motocin ya baro tsohon wajen haƙar jan ƙarfen nan na bayan Hatta, Najiba ba ta ɗago kai ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta takure a kujerar gaba, ko tari ta ƙi yi. Motar na hawa duwatsu tana dira, kafaɗarta na bugun ƙofa, amma baiwar Allah ko "wash" ba ta ce ba.

Kada ku ga laifinta. A nata sanin, surukinta na zaune a bayanta.

Baba Yacouba ke nan, mahaifin mijinta, wanda aka ɗauko daga Madaoua ta Nijar aka yi masa aikin yanar ido a nan Dubai. Yawon na yau ma dominsa aka shirya shi, a fito da tsoho ya ga duniya da sabbin idanunsa. Da safe motar Nafiou abokin mijinta ya shiga, don shi ba ya haɗa mota da matar ɗansa, ita ma hakan ya fi mata sauƙi. Sai da aka zo tasowa Nafiou ya leƙo ta taga, lokacin mijinta Hamissou na tsugune yana duba iskar taya.

"Madam, jiri ke ɗibar matata Safiatou, za ta miƙe a kujerar baya. Baba zai shigo taku."

Ta ce to, ta yi maza ta rufe fuska. Ta ji an buɗe ƙofar baya, ta ji an rufe. Daga nan ba ta sake waiwayawa ba, kuma ba ta gaya wa mijinta ba. Wace mara kunya ce za ta yi zancen surukinta yana zaune yana ji?

"Najiba, ɗago ki ga dutsen can," in ji Hamissou.

Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Ikon Allah. Fushi ake yi da ni?"

Ta zungure shi da gwiwar hannu, wai ya iya bakinsa. Shi kuwa bai gane komai ba, ya taɓe baki ya ci gaba da tuƙinsa.

Can 'yarsu Nuriyya ta zuro kai tsakanin kujeru.

"Mama, me ya sa kika rufe fuska?"

"Koma ki zauna," Najiba ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Kada ki dami Kaka."

"Wane Kaka?"

"Nuriyya, zan saɓa miki."

"Mama, ni kaɗai ce fa a baya."

Najiba ta juya. Gorar ruwa ce a kan kujerar, sai takalmin Nuriyya wari ɗaya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Abban Nuriyya, tsaya! Ina Baba?"

"Yana motar Nafiou mana."

"Nafiou ya ce tamu zai shigo!"

Hamissou ya take birki har tsakuwa ta yi ƙara. Ya fizgi oba-obar da aka raba wa kowace mota.

"Nafiou! Baba na wajenka?"

"Mon frère, ai yana wajenku. Ni da kaina na nuna masa motarku, ya gyaɗa min kai."

"Ba ya nan!"

Ayari ya tsaya cak. Mu'awiya, jagoran tafiyar, ya diro daga motar gaba ya taho da sassarfa. Ɗan Sudan ne, jikan Hausawan da suka kama hanyar Makka a ƙasa suka yada zango a can, Hausarsa garwaye take da Larabci.

"Kafin mu taso na tambayi kowace mota, kun cika? Kowa ya ce mun cika. Ya aka yi haka?"

Hamissou ya juyo kanta, idonsa ja wur.

"An gaya miki, kika yi shiru? Duk tafiyar nan ba ki juya ba ko sau ɗaya?"

"Ta yaya zan juya in kalle shi?" Hawaye ya ɓalle mata. "Na ji an rufe ƙofa, na ɗauka shi ne. Ashe Nuriyya ce."

Mu'awiya ya kama haɓa. Bai yi faɗa ba, don ya san abin a gidansu.

"Kunya," ya ce. "Khalas, ya riga ya faru. Ku kalli can."

Suka kalli inda ya nuna. A saman duwatsun gabas wani hadari ne ya tsaya, baƙi ƙirin, ƙasansa na zuba.

"Can wajen Oman ne. Ruwa ake yi."

"Nan ai ko ɗigo babu," in ji Nafiou da ya ƙaraso yana haki.

"Ba na sama nake tsoro ba, habibi. Duk abin da ya zuba a can, ta kwarin nan zai biyo. Wannan hanyar da muka bi ba hanya ba ce, kogi ne ya yi barci. Inda muka bar tsohon nan kuwa shi ne tsakiyar cikinsa."

Najiba ta waiwaya ta dubi hanyar da suka biyo.

"Akwai yara a motocin nan," Mu'awiya ya ci gaba. "Dole in hau da su tudu, sannan in biyo ku. Hamissou, ka ɗauke shi ka juyo, ban da tsayawa hira. In ka ji ƙara kamar tirela na tahowa, manta da mota, ku hau dutse. Yalla, maza!"

Najiba ta ciro Nuriyya ta danƙa wa Safiatou, ta koma ta shige gaba ta ja ƙofa.

"Sauka," in ji Hamissou.

"Ni na bar shi, da ni za a ɗauko shi."

Bai da lokacin gardama. Ya juya kan mota.

*

Sai yanzu Najiba ta ga hanyar da ta wuce fuska a rufe.

Kai jama'a, Allah mai iko. Ita da ta saba da Deira, shago kan shago, kwantena da 'yan dako, ba ta taɓa zaton akwai irin wannan waje a bayan garin ba. Duwatsu ne tsirara, ba ciyawa ba tsuntsu, sun miƙe dama da hagu har sai ka kwantar da kai kafin ka ga ƙarshensu. Wani baƙi, wani ja kamar hanta, wani an ratsa shi da kore tun daga sama har ƙasa. Hasken la'asar ya zubo ya kwanta a kansu, suka yi kamar akwai wuta a cikinsu. Duk da tashin hankalin da take ciki, sai da ta ji bakinta na cewa subhanallah shi kaɗai. Ta ji kanta ƙarama ƙwarai, ita da motar da mijin duka.

Hamissou na murza sitiyari yana magana da kansa.

"Na san inda yake. Na san abin da ya tsayar da shi. Ni na yi wauta da na kawo shi nan."

"Me ya tsayar da shi?"

Ya ƙara wa motar wuta.

Sai ta tuna ɗazu. Da suka sauka a wajen, Mu'awiya ya tara su yana bayani, cewa dubban shekaru da suka wuce mutane sun fasa duwatsun nan sun ciro koren dutse, sun narka shi sun fitar da jan ƙarfe, ana lodawa a jiragen ruwa ana kai wa ƙasashe. Ya nuna musu ramukan da suka haƙa a jikin dutse, da tarin baƙaƙen dunƙulen da suka zubar bayan narki. Baba, wanda tun zuwansa Dubai bai haɗa magana mai tsawo da kowa ba, sai ga shi ya matso gaba.

"Da wane icce suka hura wutar?" ya tambaya.

Kafin Mu'awiya ya amsa Hamissou ya tare shi da Faransanci, a kausashe. Tsoho ya mayar da hannuwansa cikin hannun riga, ya koma baya.

"Abban Nuriyya, me ka ce wa Baba ɗazu?"

"Na ce ya bari."

"Ya bar me?"

"Najiba, ki bar ni in yi tuƙi."

Suka sha kwana ta ƙarshe. Hayaƙi ta fara hangowa, siriri, ya miƙe sama sak don babu iska.

*

Ga takalman Baba nan a bakin wajen, an jera su gefe da gefe yadda baƙo ke yi a ƙofar zaure.

Shi kuma yana can ƙasa, a gindin tarin baƙaƙen dunƙulen, daf da inda tsakuwar kwari ta fara. Ya harɗe a gaban wasu duwatsu da aka jera kewaye, waɗanda Mu'awiya ya ce ragowar murhun mutanen da ne. Ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa. A cikin murhun wuta na ci.

Najiba ba ta taɓa ganin damatsan surukinta ba. Tsoho ne, amma jijiyoyi sun tashi raɗa-raɗa, kuma tun daga wuyan hannu har gwiwa tabon ƙuna ne birjik, ƙanana-ƙanana, sabo kan tsoho. Ta yi sauri ta sunkuyar da kai, amma idon ya ƙi zama a ƙasa.

"Baba!" Hamissou ya diro da gudu. "Tashi mu tafi, ruwa na zuwa!"

Tsoho bai ko waiwayo ba.

"Na ji tashinku," ya ce. "Ban kira ba."

"Don me, Baba?"

"Tun da na zo ƙasar ga, ban ga kowa nawa ba. Sai yau."

Hamissou ya yi turus.

"Ga ni, Baba. Ni ba naka ba ne?"

"Kai wa?"

Baba ya miƙa hannu ya ɗauki dunƙule ɗaya daga tarin, baƙi mai ƙofofi-ƙofofi, ya juya shi a hasken wuta, ya kai hanci ya shinshina.

"Kashin maƙera," ya ce. "Ko a lahira na gan shi na san shi. Dubi yadda ya zuba ya daskare. Mai zugar nan bai yi ha'inci ba, ya ba ta iska har ta ƙoshi. Ban san sunansu ba, ban san wace alƙibla suka kalla ba, amma na san zafin da ya gasa musu fuska. Na yi musu sallama. Na iske garwashin shayinku bai mutu ba, na ce murhun bayin Allah ya daɗe bai ga wuta ba, bari in ba shi ko kaɗan."

Yana faɗin haka ya zura hannu cikin murhun.

Najiba ta toshe bakinta.

Wallahi ba da cokali ba, ba da tsinke ba. Da yatsu ya ɗauko garwashi ja wur, ya ɗora a tafin hannunsa, ya hura shi a hankali har ya ƙara haske, sannan ya gyara masa zama a wani gefen murhun. Fuskarsa ko motsi ba ta yi ba. Ya kakkaɓe tokar a gwiwarsa.

Tsigar jikinta ta tashi. Nan take wani abu ya faɗo mata. Lokacin da Nuriyya ke rarrafe, ta taɓa jawo kaskon turaren wuta ta damƙi garwashi. Najiba ta yi ihu ta ɓamɓare hannun, ta ga tafin lafiya lau, ko ja bai yi ba. Ita tana ta hamdala tana kuka, shi kuwa uban yarinyar ya tsaya jikin bango fuskarsa a yamutse, ya ce kada ta gaya wa kowa, wai saboda baki. Ashe ba bakin mutane yake tsoro ba.

Daga can saman kwarin wata iska mai sanyi ta taho, ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Hayaƙin ya kwanta.

Oba-oba ta yi ƙara a hannun Hamissou. Muryar Mu'awiya ce.

"Kun same shi? Ku fito! Ku fito yanzu!"

"Baba, don girman Allah." Hamissou ya durƙusa ya kama hannunsa. "Mu je gida, duk abin da kake so mu yi magana."

Tsoho ya zare hannunsa.

"Wane gida? Gidan da tun a filin jirgi aka ce mini in ɓoye hannuwana? Aka ce in an tambaye ni in ce kayan ƙarfe nike saidawa?"

"Baba, ba yanzu ba."

"Ka buɗe mini ido, na gode, Allah shi biya ka. Amma da na san abin da za ni gani ke nan, da ka bar ni da yanata."

Hamissou ya saci kallon matarsa. Najiba ta ga tsoro a idonsa, kuma ba na ruwa ba ne. Ta san halin gidan iyayenta sarai. Ta san yadda kawunnanta a Kano suka zauna bin diddigin asali kafin a ba shi ita, ta san irin sana'o'in da suke cewa ba a ba su 'ya. Da kunnenta ta ji an ce uban yaron ɗan kasuwa ne a Nijar, aka shafa fatiha.

"Ba ni tashi," in ji Baba. "In kana so in bi ka, hwaɗa wa ɗiyar mutane ɗan wa ta aura. In ba ka iyawa, ku tahi. Nan ma cikin dangi nike."

"Zan ɗauke ka da ƙarfi!"

"Gwada."

Kalma ɗaya ce, amma Hamissou ya kasa ko miƙa hannu.

Sai suka ji shi. Can nesa, ƙasa-ƙasa, kamar tirela na hawan tudu. Tsakuwar da ke ƙarƙashin ƙafar Najiba ta fara rawa.

Ita da ba ta taɓa ɗaga murya a gaban surukinta ba, ba ta san lokacin da ta ƙwalla ba.

"Abban Nuriyya, ka faɗa! Ko mene ne ka faɗa! Ai na riga na gani da idona, me ya rage?"

"Najiba, in danginki suka ji..."

"Dangina ne a cikin kwarin nan ko ubanka?"

Ya runtse ido. Ya miƙe tsaye. Da farko muryar ƙasa-ƙasa ta fito.

"Ni ɗan maƙeri ne."

"Ban ji ba," in ji Baba. "Ido aka gyara mini, ba kunne ba."

Hamissou ya ja numfashi. Abin da ya fito daga bakinsa ba Hausar Deira ba ce ta kargo da biza. Wata murya ce Najiba ba ta san yana da ita ba, mai kauri, mai tashi da sauka.

"Ni ne ɗan Yacouba na bakin wuta! Jikan mai guduma, tattaɓa kunnen masu narka tama! Mu muka ba manomi fartanya ya ci, muka ba mahauci wuƙa ya yanka! A kan uwar maƙera da ake dukan ƙarfe aka yanke mini cibi, da zuga-zugi na koyi zama! Wuta ba ta cin namu! Ni maƙeri ne, Najiba, ɗan maƙeri, kuma 'yarki jikar maƙera ce!"

Hawaye na zuba a fuskarsa yana faɗa. Najiba ta tsaya baki buɗe. Ta san za ta yi fushi, fushi mai tsanani ma, don shekaru aka yi ana kwana ana tashi da ita a kan ƙarya. Amma a wannan lokacin ba fushi ta ji ba. Kwarjini ta ji. Mutumin da take wanke wa kaya, wanda take yi wa tsiya a kan minshari, sai ga shi tsaye a gaban murhun da ya girmi garuruwa, kuma wajen ya dace da shi.

Baba ya gyaɗa kai a hankali.

"Yawwa," ya ce. "Yanzu na ga nawa."

Ya dafa ƙasa zai tashi. Gwiwa ta ƙi. Zaman ya yi tsawo, ƙafafun sun mutu.

Ƙarar ta cika kwarin. Najiba ta juya, ta gan shi ya shawo kwana.

Ba ruwa ta fara gani ba. Wani bango ne ja mai tafiya, ya cika kwarin daga wannan dutse zuwa wancan, yana tura itatuwa da manyan duwatsu a gabansa suna gungurawa suna karo da juna. A sama rana na haske, ko ɗigo bai taɓa su ba, ga kogi sukutum ya farka yana tahowa. Ta kasa gudu, ta kasa ihu, sai "Allahu akbar" da take ta maimaitawa.

"Bar motar!" Hamissou ya daka mata tsawa. "Hau can!"

A bayan tarin akwai wani dandamalin dutse, tsayinsa ya wuce kan mutum. Ta yar da takalma ta kama hawa, farce na karyewa, gwiwa na gurjewa, har ta haye. Ta juyo ta kwanta rub da ciki tana leƙowa.

Hamissou ya goyo uban a baya, yana tahowa a kan baƙaƙen dunƙulen suna zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ruwan ya iso motar. Ya ɗaga ta kamar ƙwarya, ya juya ta sau ɗaya, ya wuce da ita. Murhun ya yi "cuu" ya ɓace.

Suka iso gindin dandamalin ruwa na dukan ƙwaurin Hamissou. Ya sauke tsohon ya jingina shi da dutse, ya sunkuya ya sa kafaɗa a ƙarƙashinsa ya ɗaga.

"Najiba, kama shi!"

Hannun surukinta ya miƙo sama, baƙi, mai tabo, toka a tafin. Tsoho ya ga ita ce a sama, sai ya kawar da kai ya fara janye hannun. Kun ji fa, a bakin mutuwa ma kunya yake ji.

"Baba, ka yafe ni," ta ce.

Ta cafke wuyan hannun da hannu biyu. Tauri gare shi kamar icce, da ɗumin wuta har yanzu a jikinsa. Ta ja. Hamissou na turowa daga ƙasa, ruwa ya kai masa ƙugu.

"Ja, Najiba! Ja!"

Ta tokare gwiwa da dutse ta ja da duk ƙarfin da Allah ya ba ta. Ƙirjin tsohon ya hau, cikinsa ya hau, suka zube tare a kan dandamalin. Yana numfashi. Yana da rai.

"Alhamdulillah! Abban Nuriyya, ya hau! Miƙo naka!"

Ta rarrafa ta koma baki, ta zura hannu ƙasa.

Babu kowa a wajen. Jan ruwa ne kawai ke wucewa yana tafasa.

Baba Yacouba ya ja jiki ya zo bakin dutsen. Ya duba dama, ya duba hagu da sabbin idanun nan nasa. Ɗan nan nasa ɗan fari ne, tun ranar da aka raɗa masa suna uban bai taɓa kama sunan a bakinsa ba. Tsoho ya buɗe murya har jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Hamissou! Hamissou!"